Dashen fata, ƙwayoyin kitse ko fatar da na'ura ta buga: wanne ya dace da wane rauni?

Wanda yake fama da babbar ƙuna, ko gyambon da ya yi watanni ya ƙi rufewa, ko tabon da ya ɗaure masa gaɓa, yakan ji sunayen hanyoyi barkatai. Wannan ya ce a yi dashen fata, wancan ya ce a zuƙo kitsen jikinsa a tace ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin jiki masu iya rikiɗa su zama nama iri-iri, a yi masa allura, wani kuma ya turo masa bidiyon na'urar da ke buga fata kamar yadda firinta ke buga takarda. Abin da ke rikita mutane shi ne ana jera hanyoyin nan kamar aiki ɗaya suke yi, alhali kowacce da gurbinta. Wata rufi ce, wata ƙasan rauni take gyarawa don rufin ya zauna, wata kuma har yanzu a ɗakin bincike take.

Me raunin ya cinye?

Fata hawa uku ce. Na sama siriri ne ƙwarai, kusan milimita 0.1 a yawancin jiki, shi ke hana ruwan jiki fita da ƙwayoyin cuta shiga, kuma ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Na tsakiya shi ne mai ƙarfi da talewa, kaurinsa milimita 1 zuwa 4 gwargwadon wuri, a cikinsa jijiyoyin jini, jijiyoyin ji, saiwar gashi da ƙullutun zufa suke. Na ƙasa kitse ne, matashin da ke barin fata ta zame a kan tsoka da ƙashi.

Idan rauni ya tsaya a saman hawa na tsakiya, saiwar gashin da ta tsira ita ke haifar da sabuwar fatar sama, sai ya rufe da kansa cikin mako biyu zuwa uku. Idan kuwa ya cinye hawan tsakiya duka, babu inda sabuwar fata za ta ɓullo sai daga gefe, kuma tafiyar gefe a hankali take. Irin wannan rauni in faɗinsa ya wuce kamar santimita 4, ba ya rufewa da kyau sai da dashe. In ma ya rufe, da tsukewa da tabo mai tauri zai rufe.

Ma'aunan da za a auna kowace hanya da su

Na farko, wane hawa take mayarwa. Na biyu lokaci: mai ƙunar rabin jiki ba shi da mako uku na jira ba tare da an lulluɓe shi da wani abu ba, mai tsohon tabo kuwa yana iya jiran wata shida. Na uku tsada, kuma ba kuɗin kayan kaɗai ba. A lissafa sau nawa za a shiga ɗakin tiyata, kwana nawa a gado, da ko za a maimaita. Na huɗu ƙarko, wato yadda wurin zai kasance bayan shekara ɗaya ko biyar: yana tsagewa, yana tsukewa, yana ɗaukar takalmi? Na biyar sauƙin yi, domin akwai hanyar da kowane ƙwararren likitan tiyata zai iya, akwai wadda sai da ɗakin renon ƙwayoyi na musamman. Na shida haɗari. Na bakwai, wanda aka fi tsallakewa, shi ne hujja: a jikin wa aka gwada, ɓera ko mutum, mutum nawa, kuma da me aka kwatanta?

Akwai sharaɗin da ke gaban waɗannan duka. Babu hanyar da ke aiki a kan mataccen nama, ko wurin da jini ba ya isa, ko raunin da ƙwayoyin cuta suka cika. Sai an kankare ruɓaɓɓen nama har an kai ga mai fitar da jini. A ƙafa, sai an auna matsin jinin idon sawu an raba shi da na hannu: in sakamakon ya gaza 0.9 akwai toshewa, in ya faɗi ƙasa da 0.5 kuwa buɗe hanyar jini ne aikin farko. Ƙwayoyin cuta in sun haura 100,000 a giram ɗaya na nama, dashe yakan narke. Gyambon da ya daɗe ainun, gefensa ya yi tudu ko yana zubar da jini da ɗan taɓawa, a yanki kaɗan a duba shi a ɗakin gwaji tukuna, saboda tsohon miki yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji. Yawancin maganin da ake cewa bai yi aiki ba, a wannan matakin aka yi sakaci.

Dashen fatar majinyaci

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma da ita ake auna sauran. Jacques Reverdin ya fara dasa ƙananan gutsattsarin fata a 1869, na'urar yankan fata ta Padgett ta fito a 1939, sannan a 1964 aka samu na'urar da ke tsattsaga fata ta zama raga.

Ana yanko siririn falle daga cinya, baya ko fatar kai, kaurinsa milimita 0.2 zuwa 0.45, galibi 0.3. Ya ƙunshi hawan sama duka da ɗan ɓangaren na tsakiya. Wurin da aka yanko yana warkewa da kansa cikin kwana 10 zuwa 14 saboda saiwar gashi tana nan, har ana iya sake yanka daga nan in ya warke. In wurin da za a rufe yana da faɗi, sai a mayar da fallen raga: ninki ɗaya da rabi, ninki uku, har fiye. Ramukan ragar suna barin jini da ruwa su fita, amma zanenta yana zama a jiki har abada, shi ya sa ba a sa ta a fuska, kuma ana guje mata a bayan hannu.

Yadda fallen ke kamawa ya kamata kowane mai jinya ya sani. Kwana biyun farko, tsotsar ruwan raunin kawai yake yi ya rayu. Daga kwana na biyu zuwa na uku jijiyoyinsa suke fara haɗuwa da na ƙasa, zuwa kwana na biyar ko na bakwai jini ya gama shiga. Duk abin da ya shiga tsakaninsa da ƙasan rauni a kwanakin nan yana kashe shi: gudan jini, taruwar ruwa, ko gogayyar da ke tsinka sababbin jijiyoyi. Don haka ake ɗaure shi da matsi, ko a sa na'urar zuƙa mai jan iska, a hana gaɓar motsi, kuma ba a buɗewa sai wajen kwana na biyar in ba wari ko zazzaɓi aka ji ba.

Tsadarta ita ce mafi ƙasa, tiyata ɗaya ce, kuma jiki ba ya ƙin fatarsa. Aibinta a fili yake. An ƙara wa mutum sabon rauni, wanda sau da yawa ya fi na asalin zafi. Fallen yana tsukewa da lokaci, launinsa yakan saɓa da na kewaye, ba ya zufa yadda ya kamata, ba ya fitar da maiƙo, sai an riƙa shafa masa mai kullum. Ba ya kamawa a kan tsirarar ƙashi ko jijiyar da ta rasa murfinta. Ga ƙaramin wuri a fuska ko yatsa ana yanko fatar da kaurinta duka a ɗinke inda aka cire, ta fi kyau kuma ba ta tsukewa sosai, sai dai kaɗan ake iya samu.

Shimfiɗar da ke maye gurbin hawan tsakiya

Ioannis Yannas da John Burke ne suka ƙirƙiro ta a Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da ita a 1996 da sunan Integra. Soso ne na kolajin saniya, wato furotin da ke ba fata ƙarfi, da wani sinadari daga guringuntsin kifin shak, an rufe samansa da silikon. Ana shimfiɗa shi a kan tsaftataccen rauni, ƙwayoyin majinyaci da jijiyoyin jini su kutsa ciki cikin mako biyu zuwa uku, sannan a ɓare silikon a ɗora falle siriri sosai. Akwai wasu irinsa, kamar NovoSorb na Ostireliya wanda roba ce mai narkewa a jiki, babu kayan dabba a ciki.

Amfaninsa laushi da raguwar tsukewa, musamman a wuya, hammata da gwiwar hannu, kuma yana iya ƙetare ɗan ƙaramin wurin da jijiya ta fito. Farashinsa tiyata biyu, ƙarin makonni, da kaya mai tsada. Babbar matsalarsa mugunya ce ko gudan jini a ƙarƙashin silikon, don haka sai ana leƙa shi a kai a kai.

Ƙwayoyin fatar majinyaci: renonsu ko fesa su

A 1975 James Rheinwald da Howard Green suka gano yadda ake renon ƙwayoyin hawan sama a ɗakin gwaji, aka fara sa wa masu ƙuna a farkon shekarun 1980. Daga ɗan yanki kamar kan sarki ana iya samun abin da zai rufe jiki cikin kusan mako uku. Epicel, wanda aka amince da shi a Amurka a 2007 ga masu ƙunar kashi 30 cikin 100 na jiki ko fiye, falle ne mai kaurin ƙwayoyi 2 zuwa 8 kacal. Yana ceton rai inda fatar yanka ta ƙare, amma ba shi da hawan tsakiya, yana yin bororo, yana saluɓewa da ɗan gogayya har tsawon watanni, kuma yana cikin mafiya tsada.

Fesawa ta fi sauƙi. Likita Fiona Wood da Marie Stoner a birnin Perth na Ostireliya suka ɓullo da ita, ta yi suna bayan harin bam na tsibirin Bali da ke Indonesiya a 2002, FDA ta amince da na'urar RECELL a 2018. Ana narkar da ɗan yankin fata a ɗakin tiyata cikin kusan minti 30, santimita ɗaya murabba'i na fata ya isa a fesa wa rauni mai faɗin har santimita 80 murabba'i. A ƙuna mai matsakaicin zurfi ana fesa ta ita kaɗai. A mai zurfi duka sai an haɗa ta da raga mai faɗi, ita ta cike ramukan.

Kitse da ƙwayoyin tushen da ke cikinsa

A nan ruɗani ya fi yawa, domin abubuwa uku daban ake kira da suna ɗaya.

Dasa kitse ba sabon abu ba ne, Gustav Neuber ya yi shi a Jamus a 1893. Sabon abu shi ne binciken Patricia Zuk da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 2001, wanda ya nuna cewa kitsen da ake zuƙewa a zubar yana ɗauke da ƙwayoyin tushe masu iya zama ƙashi, guringuntsi ko kitse. Samunsu ya fi na ɓargo sauƙi, kuma sun fi yawa a kowane giram.

Nau'i na farko shi ne kitsen kansa. Ana ɗura ruwan gishiri mai maganin kashe zafi da adirenalin a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya, a jira minti 10 zuwa 15, a zuƙo da bututu mai faɗin milimita 2 zuwa 3 da sirinji, a hankali don kada ƙwayoyin su fashe. A tsarin Sydney Coleman ana wulwula shi a na'ura, juyi 3,000 a minti har minti 3, sai ya rabu uku: mai a sama, jini da ruwa a ƙasa, kitsen da ake so a tsakiya. Ana saka shi da bututu marar tsini, zare-zare, ana janyewa ana zubawa. Dalilin zaren shi ne kitse yana rayuwa da tsotso kafin jini ya iso. In aka zuba shi dunƙule, tsakiyarsa ta mutu ta zama ƙullutun mai ko tauri. Ko an yi daidai, wani ɓangare yana narkewa cikin watanni, rahotanni sun kama daga kashi 20 har 80 cikin 100, shi ya sa akan maimaita sau biyu ko uku da tazarar wata uku. Akwai kuma wanda Patrick Tonnard na Beljiyam ya bayyana a 2013: a tura kitse tsakanin sirinji biyu kamar sau 30 a tace, manyan ƙwayoyin kitse su fashe, a bar ruwa mai ƙananan ƙwayoyi. Wannan ba ya cike rami, ingancin fata yake gyarawa.

Nau'i na biyu, wanda likitoci ke kira SVF, ana samunsa ne da narkar da kitsen da sinadarin kolajines a zafin digiri 37 na minti 30 zuwa 60, a wanke, a wulwula, a ɗauki abin da ya kwanta a ƙasa. Cikin awa ɗaya zuwa biyu an gama. Gauraye ne na ƙwayoyin jijiyar jini, ƙwayoyin garkuwa da ƙwayoyin tushe, kuma na tushen su ne 'yan tsiraru.

Nau'i na uku shi ne a rene su a tsaftataccen ɗaki na mako biyu zuwa uku ko fiye, har su kai miliyoyi. Suna iya zama na majinyacin, ko na wani lafiyayye da aka daskarar.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne yawancin ƙwayoyin da aka saka ba fata suke zama ba. Mafi yawansu suna mutuwa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Kafin nan suna fitar da sinadaran da ke jawo sababbin jijiyoyin jini, suna kwantar da kumburi, suna rage taurin tabo. Ƙasa suke gyarawa. Wanda ya rasa fata mai faɗin tafin hannu biyu, allurar nan ba za ta rufe shi ba. Ga kuma wani cikas: ƙwayoyin tsoho da na mai ciwon sukari sun fi rauni, wato wanda ya fi buƙatarsu shi ne nasa suka fi gajiya.

Hujja fa? A 2007 Gino Rigotti a Italiya ya ba da rahoton mutum 20 da hasken maganin ciwon daji ya lalata musu nama, waɗanda suka samu sauƙi bayan dashen kitse, kuma tun daga nan wannan ya zama wurin da likitocin gyaran jiki suka fi amfani da shi. A gyambon ƙafar masu sukari, wani gwaji a Koriya ta Kudu da aka wallafa a 2019 ya ɗauki mutum 59: a mako na 12, kashi 82 na waɗanda aka sa wa falle mai ƙwayoyin tushen kitse sun warke, a waɗanda ba a sa wa ƙwayoyin ba kuwa kashi 53. Sakamako ne mai faranta rai, amma mutum 59 ba su isa a gina hukunci a kansu ba. Labarin Alofisel ya isa darasi. Magani ne na ƙwayoyin kitse don yoyon dubura na masu cutar kumburin hanji ta Crohn, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2018, babban gwaji na biyu ya kasa nuna fifikonsa a 2023, aka janye shi daga kasuwar Turai a ƙarshen 2024.

Haɗarin nau'i na farko sananne ne: kumburi, kwarmi a inda aka zuƙa, mugunya, da shigar kitse cikin jijiyar jini, wanda a fuska yana iya makantarwa. Ba a saka shi inda ake zargin akwai ragowar ciwon daji. Nau'i na biyu da na uku suna ƙara haɗarin gurɓata yayin sarrafawa. A Amurka da Turai ana ɗaukar ƙwayoyin da aka narkar da sinadari ko aka rena a matsayin magani mai buƙatar izini, kuma da dalili: a 2017 aka wallafa labarin mata uku da suka rasa gani bayan wani asibiti a jihar Florida ya yi musu allurar irin wannan a ido. Tsada kuwa, dashen kitse matsakaici ne a zama ɗaya amma yana ninkuwa da maimaici, renon ƙwayoyi yana da tsada sosai, kuma inshora ba kasafai take biyan abin da ba a amince da shi ba.

Fatar da na'ura ke bugawa

Thomas Boland na Jami'ar Clemson ya nuna a farkon shekarun 2000 cewa firinta mai fesa tawada tana iya fesa ƙwayoyi masu rai. Tsarin a yau shi ne a ɗauki taswirar rauni da na'urar haske, faɗi da zurfi, kwamfuta ta raba shi hawa-hawa, sannan bakin na'ura ya zuba tawadar halitta: ƙwayoyi a cikin abu mai kauri kamar kolajin, jelatin, ko sinadaran daskarar da jini guda biyu da ke haɗuwa su kafe nan take. Ana iya bugawa a faranti a rena na makonni kafin a dasa, ana iya bugawa kai tsaye a cikin raunin.

A 2019 cibiyar Wake Forest ta Anthony Atala ta buga fata kai tsaye a raunin ɓeraye da aladu. Masu bincike a Jami'ar Toronto sun ƙera ta riƙewa a hannu, suka gwada a ƙunar aladu. Aikin da ya haɗa ƙwayoyin kitse da bugawa shi ne na Ibrahim Ozbolat da abokansa a Jami'ar Penn State, wanda aka wallafa a 2024. Sun karɓi kitsen mutanen da aka yi wa tiyata, suka fitar da ƙwayoyin tushe, suka kuma fitar da saƙar naman da ke riƙe da ƙwayoyin kitse suka mayar da shi tawada. Suka buga hawan kitse da na tsakiya a raunin ɓeraye, na sama ya tsiro da kansa, raunin ya kusa rufewa cikin mako biyu, har aka ga abin da ya yi kama da mafarin saiwar gashi. Wannan aiki ne mai daraja, domin hawan kitse shi ne wanda duk hanyoyin rufe rauni da suka gabata suka bari a baya.

Amma ɓera ba mutum ba ne. Fatarsa sako-sako ce, tana da siririyar tsoka a ƙasa da ke jan bakin rauni ya tsuke da sauri, abin da mutum ba shi da shi a yawancin jiki. Matsalolin da suka rage kuma manya ne. Iskar shaƙa ba ta ratsa nama fiye da kusan milimita 0.2 in babu jijiyar jini, don haka tsakiyar fata mai kauri tana mutuwa kafin jini ya iso. Tawada in ta yi kauri tana riƙe siffa amma matsin bakin na'ura yana kashe ƙwayoyi, in ta yi ruwa ƙwayoyi su rayu amma ta kwarare. Ƙwayoyi suna kwantawa a gindin sirinji, baki yana toshewa, majinyaci yana numfashi wurin yana motsi. Sannan na'urar ba ta ƙirƙirar ƙwayoyi, sai an rena su tukuna, wato makonnin jiran nan suna nan. Zufa, launi da ji kuwa ba a kai gare su a jikin mutum ba.

Zuwa 2024 babu fatar da aka buga da ƙwayoyin da aka rena wadda FDA ta amince a yi wa jama'a magani da ita. Abin da ya fi kusa da asibiti shi ne na kamfanin Rokit Healthcare na Koriya ta Kudu, inda ake niƙa kitsen majinyaci a buga shi faci daidai siffar gyambon sukari a zama ɗaya. An gwada shi a ƙananan rukunai. A gane cewa facin kitse ne mai siffa, ba fata mai hawa uku ba.

| Hanya | Abin da take mayarwa | Lokaci | Tsada | Ƙarko | Babban haɗari | Hujja a mutane |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Dashen falle | Sama da ɗan tsakiya | Nan take | Ƙasa | Mai kyau, yana tsukewa | Ƙin kamawa, sabon rauni | Mai ƙarfi |
| Shimfiɗar tsakiya | Tsakiya | Mako 2 zuwa 3, sai dashe | Sama | Mai kyau, mai laushi | Mugunya a ƙasa | Mai kyau |
| Renon ƙwayoyin fata | Sama kawai | Kusan mako 3 | Sama ƙwarai | Mai rauni | Saluɓewa | Ga babbar ƙuna |
| Fesa ƙwayoyi | Sama kawai | Minti 30 | Matsakaici zuwa sama | Ya dogara da ƙasa | Rashin kamawa | Mai kyau a ƙuna |
| Dashen kitse | Kitse, laushin tabo | Zama 1 zuwa 3 | Matsakaici | Wani yana narkewa | Ƙullutu, shiga jijiya | Matsakaiciya |
| Ƙwayoyin tushe | Gyaran ƙasa | Awa 2 ko mako 3 | Sama | Ba a tabbatar ba | Gurɓata | Ƙananan gwaje-gwaje |
| Bugawa | Burin hawa uku | Makonni | Ba ta kasuwa | Ba a auna ba | Mutuwar tsakiya | Galibi dabbobi |

Wace ce ta wa?

Mai ƙuna mai zurfi wadda ba ta mamaye jiki ba, a cire mataccen nama a kwanakin farko a yi dashen falle: wanda ba a tsaga ba a fuska da hannu, raga a ƙirji, baya da cinya. In ƙunar ta ratsa gaɓa ko wuya kuma akwai hali, shimfiɗar tsakiya ta cancanci ƙarin tiyatar.

Mai ƙunar da ta kai rabin jiki ko fiye, damuwarsa ƙarancin fatar yanka ce. A nan ake haɗa raga mai faɗi da fesawa, a lulluɓe sauran da rufin wucin gadi, kuma in za a yi renon ƙwayoyi a ɗauki yankin tun kwanakin farko, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda ƙashi ko jijiya ta fito fili da faɗi, ko a dunduniya da ke ɗaukar nauyi, abin da ya fi ƙarko shi ne a juyo nama da jijiyar jininsa daga kusa ko daga nesa. Babu allurar da ke maye gurbin wannan.

Mai gyambon sukari a tafin ƙafa, a fara da buɗe jini, daidaita sukari, kankarewa da ɗauke nauyi daga wurin da filasta ko takalmi na musamman. A auna faɗinsa kowane mako. In bai ragu da rabi ba cikin mako huɗu, lokacin ƙarin hanya ya yi, kuma a fara da waɗanda aka amince da su, irin su Apligraf, fatar da aka rena a ɗakin gwaji, da aka yarda da shi a Amurka ga wannan ciwo tun 2000. Ƙwayoyin kitse su zo a cikin gwaji mai rajista. Gyambon ƙauri na taruwar jini kuwa, in hanyar jini mai shigowa lafiya take, ɗaurin matsi na kusan 40 a ma'aunin hawan jini a idon sawu shi ne maganinsa na farko.

Mai tabon da ya manne da ƙashi, ya yi kwarmi, yana zafi ko ƙaiƙayi, da mai naman da hasken maganin ciwon daji ya busar, su ne suka fi cin moriyar kitse. Dashen kitsen kansa, a hannun likitan gyaran jiki, bayan likitan ciwon daji ya tabbatar wurin ya tsarkaka, ya fi SVF sauƙi da arha, kuma a irin wannan aiki shi aka fi daɗewa ana yi.

Wanda aka yi wa tayin fatar bugawa ko allurar ƙwayoyin tushe, ya nemi lambar rajistar gwajin, sunan kwamitin da ya amince da shi, da takardar da ta lissafa haɗari. Ya tambayi nau'in da za a saka masa cikin ukun nan, ƙwayoyi nawa, a ina aka sarrafa su, da wanda zai bi lafiyarsa bayan wata shida. Ya kuma tambaya in bai kama ba, wane likitan tiyata ne zai yi dashen falle, kuma bayan kwana nawa za a yanke wannan shawara.